Laxton, ƙauyen Ingila da har yau ba a raba gonakinsa da shinge ba: tambayoyi da amsoshi kan sunansa da tarihinsa

Duk wanda ya taɓa karatun tarihin noma a Turai, ko ya ɗan zauna a yankin Nottingham, ba ya daɗewa sai ya ji an ambaci Laxton. Tambayoyin nan su ne waɗanda suka fi dawowa daga bakin ɗalibai da masu sha'awar tarihin ƙauyuka. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa masu buƙatar dogon bayani.

Ina Laxton yake, kuma me ya sa ake yawan maganarsa?

Ƙaramin ƙauye ne a lardin Nottinghamshire da ke tsakiyar Ingila, arewa maso yamma da garin Newark, ba nisa da Tuxford da Ollerton. Mutanensa 'yan ɗaruruwa ne kawai. Shi da wata 'yar unguwa mai suna Moorhouse suka haɗu suka zama gunduma ɗaya, Laxton da Moorhouse.

Abin da ya fito da sunansa shi ne gonaki. A nan ne kaɗai a Ingila ake ci gaba da noma irin na zamanin da, inda manoma ke da dogayen yankuna a warwatse cikin manyan filaye marasa shinge, kuma kotun ƙauye ke zama duk shekara ta duba iyakoki ta ci tarar wanda ya ƙetare. Akwai wasu wuraren da sauran irin waɗannan gonaki suka rage, kamar Braunton a Devon da yankin Axholme a Lincolnshire, amma a Laxton ne filayen da kotun da dokar juya shuka suka rayu tare.

Me ake nufi idan an ce wuri "parish" ne?

Asalin kalmar daga Girkanci take, ta bi ta Latin da Faransanci ta shigo Turanci. Tana nufin yankin da coci ɗaya da limaminsa ɗaya suke kula da shi. Mutanen yankin a cocin ake yi musu baftisma da ɗaurin aure da jana'iza, kuma a da can suke kai ushirin amfanin gonarsu. Shi ya sa iyakokin irin wannan gunduma suke da muhimmanci: su ke nuna wace gona ce ushirinta zai tafi wane coci. Tun daga 1538 aka wajabta wa kowane coci ya riƙa rubuta baftisma da aure da binnewa a littafi, kuma waɗannan littattafai su ne jarin masu binciken asali a yau.

A 1894 majalisar dokoki ta raba aikin gida biyu. Harkar ibada ta zauna a hannun coci, harkar mulkin ƙauye kuma ta koma ga zaɓaɓɓiyar majalisar gunduma. Don haka Laxton yana da majalisar gunduma irin ta kowane ƙauye, ga kuma tsohuwar kotun gona da ta girme ta da ɗaruruwan shekaru. Kada a haɗa su. Bayanin kotun yana can ƙasa.

Mene ne ma'anar sunan Laxton?

A littafin ƙidayar ƙasa na 1086 an rubuta shi Laxintune. Masana sunayen wurare sun kasa shi uku, duk daga tsohon Turancin Angulo-Sakson, wato mutanen Ingila na kafin 1066: sunan mutum, Leaxa, sai ɗan gaɓar "ing" mai nuna alaƙa ko jingina, sai "tun", wato gida mai shinge ko gandu, wanda daga baya ya ɗauki ma'anar ƙauye. Idan aka haɗa, ma'anar ita ce gandun da ake jingina wa Leaxa. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan gini ba, domin haka muke cewa Gidan wane, Tungar wane, Unguwar wane, sai dai mu muna fara da wurin, su kuma suna fara da mutumin.

Wannan "tun" ɗin ita ce ta zama "ton" da ke ƙarshen dubban sunayen garuruwan Ingila, kuma ita ce uwar kalmar da Turawa ke kiran gari da ita yanzu. Gaɓar tsakiya kuwa baki ne ya cinye ta a hankali: Laxintune, Lexinton ko Lexington a takardun tsakiyar zamani, har aka tsaya a kan Laxton.

Akwai wasu Laxton guda biyu, ɗaya a Northamptonshire, ɗaya a gabashin Yorkshire. Mai neman takardu ya kula da wannan, don an sha rikita su.

Wane ne shi Leaxa ɗin?

Sunansa daga sunan garin aka ciro shi. Masana harshe ne suka jera tsofaffin rubuce-rubucen sunan, suka bi ƙa'idojin yadda sautuka ke sauyawa, suka fitar da Leaxa; shi ya sa a ƙamus-ƙamus na sunayen wurare za ka ga an sa masa alamar tauraro a gaba, ma'ana sunan da aka gano ta hanyar nazari. Wannan abin yana taɓa ni ƙwarai. Mutum ya sari daji ko ya riƙe gandu fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma abin da ya rage nasa a duniya shi ne gaɓar farko ta sunan da mutane ke furtawa kullum.

Shin akwai alaƙa tsakanin Laxton da Lexington na Amurka?

Akwai, kuma hanyar tana da ɗan tsawo. A ƙarni na 13 wani gida daga wannan ƙauye ya ɗauki sunan garin a matsayin sunan zuriya, suka kuma yi fice ba kaɗan ba. Robert na Lexington babban alƙalin sarki ne. John na Lexington ya riƙe hatimin Sarki Henry na Uku. Henry na Lexington ya zama bishop na Lincoln a 1254. Stephen na Lexington ya shugabanci gidan sufaye na Clairvaux a Faransa, ya kuma kafa wa 'yan ɗariƙarsa kwaleji a Paris. 'Yan'uwan juna ne, daga ƙauye ɗaya. Gadonsu ya bi ta wajen mata ya shiga gidan Sutton, kuma da Sarki Charles na Ɗaya ya ba Robert Sutton sarauta a 1645, sai ya zama Lord Lexinton, da tsohon sunan.

A 1713 wani yanki na Massachusetts da ake kira Cambridge Farms ya zama gari mai cin gashin kansa, aka raɗa masa Lexington. Masu tarihin garin sun kasu biyu: wasu sun ce don girmama mai riƙe da sarautar Lexinton na lokacin ne, wasu sun ce kai tsaye daga ƙauyen aka ɗauko. Ko ta wace hanya aka bi, Laxton ake komawa. A Lexington na Massachusetts ne aka yi harbin farko na yaƙin neman 'yancin Amurka ranar 19 ga Afrilu, 1775, kuma da labarin ya isa Kentucky a wannan shekarar, sai wasu masu kafa sansani suka sa wa wurinsu Lexington. Tsohon furucin da ƙauyen ya bari shi ne ya haye teku.

Me littafin 1086 ya faɗa game da ƙauyen?

Bayan William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ya aika wakilai su rubuta wa ke riƙe da wace ƙasa, garma nawa ke aiki a cikinta, da nawa take kawowa. Abin da suka tattara shi ne littafin Domesday, wanda yake ajiye a ma'ajiyar takardun ƙasa da ke Kew. A cikinsa an nuna cewa kafin yaƙin Laxton yana hannun wani babban mai ƙasa, Toki ɗan Auti, bayan yaƙin kuma ya koma hannun Geoffrey Alselin, ɗaya daga cikin mutanen sabon sarki. Toki da Auti sunaye ne na mutanen Sikandinabiya, abin da ke kai mu ga tambaya ta gaba.

Sunayen ƙauyukan da ke kewaye fa, su ma suna da ma'ana?

Suna da ita, kuma karanta su tamkar karanta jerin waɗanda suka zauna a ƙasar ne. Egmanton, maƙwabcin Laxton ta arewa, gandun Ecgmund ne, gini iri ɗaya da na Laxton. Ollerton gandun da itatuwan "alder" masu son bakin ruwa suke ne. Weston gandun yamma. Moorhouse gida ne a cikin fadama ko dausayi, kuma lalle unguwar a kwari take. Newark ma'anarsa sabon gini na tsaro, kusan abin da muke nufi da Sabon Birni. Sherwood dajin lardi ne. Nottingham kansa da Snotengaham ne, mazaunin mutanen wani mai suna Snot, Normawa, wato mutanen William na Normandi, su ne harshensu ya kasa ɗaukar sautin farko, ya faɗi.

Sai kuma wani sashe na daban. A ƙarni na 9 mayaƙan Denmak sun mamaye gabashi da arewacin Ingila suka zauna, kuma Nottingham na cikin manyan garuruwansu biyar. Sun bar nasu sunayen. Duk garin da ya ƙare da "by", kamar Thoresby, daga kalmarsu ta gida ko ƙauye ne. Eakring kalmomi biyu ne na tsohon harshensu, itacen "oak" da zobe, wato da'irar itatuwa. Ga ƙauye mai sunan Angulo-Sakson, mai gidansa a 1066 yana da sunan Denmak, wanda ya gaje shi kuma Faransanci yake ji. Ƙasar ɗaya ce, masu ita ne ke sauyawa.

Tudun da ke arewacin ƙauyen na mene ne?

Kufan fada ce ta zamanin Normawa: tulin ƙasa mai tsayi da aka tara da hannu, da ganuwa da gwalalo kewaye da farfajiya. Yana cikin mafi girma da suka rage a lardin. Gidan de Caux ne suka riƙe ta, daga baya ta bi ta aure ta koma gidan Everingham. Su ne masu gadon sarautar kula da dajin Sherwood, wato dajin farautar sarki, don haka a ƙarni na 12 da na 13 Laxton ba ƙauyen baya ba ne, daga nan ake gudanar da dajin. Sarki John ya sauka a nan fiye da sau ɗaya. A ƙarshen ƙarni na 13 sarautar ta kuɓuce wa Everingham, darajar garin ta yi ƙasa, fadar ta zama kufai. Kaburburan wasu daga cikinsu, da siffofinsu da aka sassaƙa a kwance, suna cikin cocin ƙauyen.

Yaya ainihin tsarin gonakin yake aiki?

Manyan filaye uku ne: Filin Yamma, Filin Kudu, da Filin Injin Niƙa, wanda ya samu sunansa daga injin niƙa mai aiki da iska da ya daɗe a tsaye a cikinsa har farkon ƙarni na 20. Kowane fili an yanka shi dogaye-dogayen yankuna, kuma manomi ɗaya yana da nasa a cikin duka ukun, nan ɗaya can ɗaya, tsakanin na maƙwabta. Babu shinge, babu katanga. Gidajen manoman kuwa suna cikin gari a jere bakin titi, kowanne da 'yar gonarsa ta bayan gida, ba a warwatse cikin daji ba kamar yadda aka saba gani a sauran Ingila.

Shuka tana juyawa shekara uku. Fili ɗaya alkama ce da ake shukawa kafin hunturu. Na biyu amfanin da ake shukawa bayan sanyi ya wuce, kamar sha'ir. Na uku a bar shi ya huta. Baɗi kowanne ya matsa gaba. Hikimar warwatsa gonakin a bayyane take ga duk wanda ya san noma: kowa ya samu rabonsa na ƙasa mai kyau da marar kyau, ta tudu da ta kwari, ta kusa da ta nesa, kuma ba wanda duk gonarsa za ta faɗa cikin filin hutu a shekara guda. A zamanin garmar shanu kuma ba kowa ke da shanun da za su ja garma mai nauyi a ƙasa mai laka irin ta nan ba, sai an haɗa hannu.

Sai dai tsarin yana ɗaure mutum. Ba ka da ikon shuka abin da ka ga dama a lokacin da ka ga dama, kuma ciyawar da maƙwabcinka ya bari kai ma za ta same ka. Wannan ne dalilin da ya sa dole a samu kotu.

Ina ma'anar kalmomin gona da ake ji a Laxton, kamar "syke" da "furlong"?

"Syke", wadda mutanen garin ke furtawa kamar "sik", tsohuwar kalma ce da ke nufin ƙaramar ƙorama, tana cikin tsohon Turanci tana kuma cikin harshen mutanen Denmak. A Laxton tana nufin ziririn ƙasa mai ciyawa da ba a nomawa, galibi a inda ruwa ke bi, wanda yake zama magudana, hanya, da wurin kiwo, wani abu tsakanin burtali da bakin fadama. Da yake garma ba ta taɓa su, ba a kuma zuba musu takin zamani ko maganin ciyawa, furanni da ciyayin da suka ɓace a wasu wurare suna nan a cikinsu, har hukuma ta sa wasunsu cikin wuraren da doka ta kare. Duk shekara ana gwanjon ciyawarsu ga manoman garin.

"Furlong" kalmomi biyu ne, kunya da tsawo, wato tsawon da shanu za su ja garma kafin a juya da su. Daga baya aka tsayar da shi yadi 220, kimanin mita 201. A cikin filayen kuma ana kiran rukunin gonakin da suka kwanta fuska ɗaya da wannan suna, kuma kowane rukuni yana da sunansa na kansa. Ita ma eka da muke auna gona da ita daga irin wannan noma ta fito: asalin kalmar gona ce kawai, sannan ta zama abin da garma ɗaya ke nomewa a yini, yadi 220 a tsaye da 22 a kwance.

Mece ce taswirar 1635 da kowa ke ambato?

Sir William Courten, attajirin Landan wanda kuɗinsa ne ya kai Turawan Ingila na farko su zauna a tsibirin Barbados, ya sayi ƙasar Laxton a shekarun 1620. Don ya san abin da ya saya, ya sa wani mai awo, Mark Pierce, ya auna ta. A 1635 Pierce ya fitar da babbar taswira mai launi tare da littafin da ya jera kowane yanki, girmansa, da sunan mai nomansa. Yankunan gona da ke cikin filayen sun haura 2,000. Ya ma zana ƙananan hotunan mutane suna huɗa, suna shuka, suna yankan ciyawa. Taswirar tana ɗakin karatu na Bodleian a Oxford.

Darajarta ita ce za ka iya riƙe kwafinta ka tsaya a filin, ka gane titunan gari, da cocin, da kwanciyar gonaki da yawa. Tana kuma adana sunayen rukunan gona, waɗanda su ne ƙananan sunayen wuri da ba sa shiga manyan taswirori. A cikinta akwai fili na huɗu, ƙarami, ta gabas, wanda daga baya aka katange. Takardun gidan da ya mallaki garin bayan Courten, har da na kotun, da yawansu suna Jami'ar Nottingham.

To me ya hana a katange Laxton kamar sauran ƙauyuka?

Tsakanin 1604 da 1914 majalisar dokoki ta zartar da dokokin katange ƙasa sama da 5,200, da suka shafi eka kusan miliyan 6.8. Aka tattara wa kowa gonarsa wuri ɗaya, aka dasa shinge, makiyayar jama'a ta zama ta masu ƙasa. Amfanin gona ya ƙaru a wurare da yawa, amma ƙananan manoma da marasa gona da dama sun rasa wurin kiwo da itace, suka koma 'yan ƙodago ko suka nufi birane.

Laxton bai tsira don mutanen wancan zamani suna ƙaunar tarihi ba. A 1640 ƙasar ta koma hannun gidan Pierrepont, waɗanda zuriyarsu ta zama masu sarautar Manvers da ke zaune a Thoresby, amma ba su kaɗai ke da ƙasa a garin ba, kuma manyan masu ƙasar ba su daidaita kan yadda za a raba ba. Katangewa tana cin kuɗi mai yawa, ga awo, ga shinge, ga sababbin gidaje da hanyoyi. A shekarun 1860 da 1870 gidan Manvers ya zuba dukiya wajen gina katafaren gidansa na Thoresby, daga nan kuma farashin hatsi ya faɗi a Ingila saboda alkamar Amurka mai araha. Lokacin da ƙasar ta taru a hannu ɗaya, riba ta riga ta fita daga aikin, kuma masana sun fara lura cewa abin da ya rage a nan babu irinsa. Jinkiri da rashin jituwa ne suka kai shi gaɓar da aka fara kare shi da gangan.

Kotun gonar tana da iko na gaske, ko al'ada ce kawai?

Tana da iko. Dokar 1977 da ta karɓe ikon shari'a daga irin waɗannan tsofaffin kotunan gandu ta ware ta Laxton ta bar mata nata. A ƙarshen Nuwamba masu rantsuwa su goma sha biyu da shugabansu, daga cikin manoman garin, suna fita su zaga filin da ya gama hutunsa. Suna ɗauke da turaku na katako da guduma, suna kafa su a iyakar gonaki da ciyawar da aka yi bayani a amsar kalmomin gona, suna rubuta wanda garmarsa ta ci hanya, da wanda bai yashe magudanarsa ba. Bayan mako guda kotu ta zauna a masaukin Dovecote da ke tsakiyar gari, ƙarƙashin wakilin mai ƙasa. A kira sunaye, wanda bai zo ba a biya masa kwabo biyu na uzuri, a karanta laifuka, a yi muhawara, a yanka tara, a rantsar da masu zagayen baɗi.

Tarar ba ta da yawa. A ganina ƙarfin kotun yana wajen cewa maƙwabtanka ne suka ga abin da ka yi, su ne kuma za su faɗa a gaban jama'a, kai ma wata shekarar kai ne mai riƙe da guduma. A garin har yanzu akwai ɗan shingen da a da ake tsare dabbar da ta ɓace ko ta shiga gona har mai ita ya biya.

Wa ya mallaki ƙasar yanzu?

Manoman 'yan haya ne. A 1952 gidan Manvers ya sayar wa Ma'aikatar Noma da ƙasar domin a ci gaba da tsarin. A 1981 ta koma hannun hukumar kula da kadarorin masarauta, a 2020 kuma ta sake komawa ga masu gandun Thoresby, wato gidan da ya riƙe ta tun 1640 kamar yadda aka faɗa a amsar katangewa. Sharaɗin bin juyin shuka da hukuncin kotu yana cikin yarjejeniyar hayar.

Ashe ke nan abin da ake gani yau shi ne na shekara 800 da suka wuce?

A'a, kuma bai kamata a faɗa wa baƙo haka ba. A farkon ƙarni na 20 an haɗe ƙananan yankunan suka zama manya, shi ya sa daga sama da 2,000 na taswirar Pierce yau ba su kai 200 ba. Gefunan filayen da yawa an katange su tun da daɗewa, kuma galibin ƙasar gundumar gonaki ne masu shinge irin na ko'ina. Tarakta ce ke huɗa, injin girbi ne ke yanka, an kuma sassauta dokar hutu har ana iya shuka ciyawar dabbobi a filin da ke hutawa. Abin da bai yanke ba shi ne filaye uku, juyin shekara uku, da zaman kotu. Damuwar gaskiya a yau ita ce ƙananan gonaki irin waɗannan da ƙyar suke riƙe iyali, kuma tsarin yana buƙatar manoma da yawa mazauna garin. Idan suka ragu suka koma uku ko huɗu, ba za a samu masu rantsuwa goma sha biyu ba.

Wanda ya je, me zai gani?

Akwai ƙaramin ɗakin baje bayani kusa da masaukin Dovecote, daga nan hanyoyin ƙafa suke fita zuwa filayen. Cocin Mika'ilu, wanda sassansa mafi tsufa na ƙarni na 12 ne, an rage girmansa a gyaran da aka yi masa a tsakiyar ƙarni na 19, kuma a ciki kaburburan Everingham suke. Wani siririn lungu daura da cocin yana kaiwa ga tudun fadar. A wajen gari kuma akwai cibiyar tunawa da kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa a Turai, wadda aka buɗe a 1995.

Gonakin na mutane ne masu neman abincinsu, don haka a tsaya kan hanya, kada a taka shuka, kada a taɓa turakun iyaka. Ƙasar laka ce mai kama ƙafa, wanda zai je tsakanin Nuwamba da Maris ya tafi da takalmin roba mai tsawo.